Almajiran Littafin da Ba Shi da Malami

Abin da na fara lura da shi a jikin ɗan ƙanwata, ranar da ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa ta Leeds, shi ne bayan hannunsa na dama. Ya miƙo hannu zai karɓi jakata, sai na ga gaɓoɓin yatsunsa biyu sun kumbura sun yi baƙi, ga kuma wani tabo a tsintsiyar hannun. Na yi shiru har muka shiga bas. Uwarsa ta haɗo ni da kuka da daddawa da yaji, amma babban saƙonta shi ne in duba mata irin zaman da yaron nan yake yi. Yaron da aka turo karatun digiri na biyu, ga shi da hannu irin na ɗan dambe.

"Kai, da wa kake faɗa a garin mutane?"

Ya yi dariya har mutanen bas suka waiwayo. "Kawu, ba faɗa ba ne. Karatu ne. Wani littafi muke karantawa."

"Littafin ne ya cije ka?"

"Ka bari a gama biki, in kai ka ka gani."

Bikin kammala karatunsa ne ya kai ni, a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa a Leeds tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba. Azahar da La'asar da Magariba duk a cushe suke cikin awa huɗu, mutum bai gama busar da ƙafa daga wata alwala ba sai ya ji wata sallar ta shigo. Daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Leeds awa biyu da 'yan mintuna ne a jirgi, kuma rabin hanyar hazo da tumaki kawai na gani ta taga. Bikin ya yi kyau, an ɗauki hotuna, an tura wa uwarsa ta yi kukanta na farin ciki. Ba shi ne labarin nan ba.

Washegari ya kai ni gidan tarihin makamai da ake kira Royal Armouries, a bakin ruwa kusa da kogin Aire. Shiga kyauta ne. Asalin kayan daga Hasumiyar Landan suke, a 1996 aka buɗe wannan gini aka kwaso da yawansu zuwa nan. Da ka shiga akwai wani dogon soro mai gilashi da matakala ke zagayawa, an jera takubba da masu da sulkuna da bindigogi sama da 2,500 a bangonsa tun daga ƙasa har sama, kamar yadda mata ke jera kwalla a ɗakin amarya. Na ga sulken giwa daga Indiya, mai farantan ƙarfe sama da 5,000. Na ga wani kwalkwali mai ƙahon rago da tabarau da haƙora a waje, wanda Sarki Maximilian na Ɗaya ya aika wa Sarkin Ingila Henry na Takwas kyauta a 1514. Na daɗe ina tunanin ko zumunci ne ko tsokana. Duk wannan yaron wuce shi yake yi kamar mai wuce rumfunan kasuwar unguwarsu. Abin da ya kawo shi daban ne.

"Kawu, a cikin ginin nan littafin yake."

Ban ga na asali ba, kuma laifina ne, don tsohon rubutu irin wannan ba a barinsa cikin haske kullum, mai son ganinsa tun daga gida yake neman izini. Kwafinsa mai hotuna na riƙe daga baya. Ba shi da suna. Lambar ajiyarsa ce ta zama sunansa, I.33, wato ɗaya da talatin da uku. Ganye 32 ne na fatar rubutu, shafi 64, kusan kowane shafi da zane biyu. An rubuta shi a yankin Franconia na ƙasar Jamus wajajen shekarar 1300, wasu masana na kai shi 1320 da 'yan kai. Don in daidaita lissafin a kaina, sai na tuna hajjin Mansa Musa a 1324 aka yi, Sarki Yaji kuma bai hau gadon Kano ba sai 1349. Shi ne littafin koyar da faɗan takobi mafi tsufa da ya rage a Turai.

Na zaci zan ga barade cikin sulke. Ina! Mutum biyu ne cikin dogayen riguna da takalma marasa nauyi, babu kwalkwali, babu doki. Ɗaya limamin coci ne da askin tsakiyar kai irin nasu, ɗayan almajirinsa. Kowanne na riƙe da takobi a dama da wata 'yar garkuwa a hagu. Sun ɗage dunduniya, sun ranƙwafa gaba, fuskokinsu a sake kamar masu wasan langa, ko a inda tsinin takobi ya nufi idon mutum. Bayanin da harshen Latin yake, amma sunayen dabarun da Jamusanci, kamar yadda malami zai yi ta jan baƙi da Larabci, in ya zo kan sunan wata ciyawa ya faɗe ta da Hausa.

Tarihin littafin kansa tafiya ce. Wani mai suna Gunterrodt ya ambace shi a 1579. Daga baya ya zauna a ɗakin karatun sarakunan Gotha, ya ɓace a hargitsin Yaƙin Duniya na Biyu, ya sake ɓulla a gwanjon Sotheby's a 1950, inda aka saye shi aka kai Hasumiyar Landan. Fassarar Jeffrey Forgeng zuwa Turanci ta fito a 2003, ita ce ta sa irin su ɗan ƙanwata suka iya karanta shi. A shafin farko wani da ya zo daga baya ya ƙara baiti da hannunsa, ma'anarsa ita ce abin da sufin coci marar linzami da tsohuwa mai makirci za su aikata, ko sarkin lahira ba zai kuskura ba. Ashe rubuta tsiya a gefen littafin mutane ba yau aka fara ba.

Daren Talata muka je ajin da suke koyon faɗan takobi daga littafin. Wani zauren coci ne da suke haya, daɓen katako, ga kujerun yara an ture gefe guda. Mutum goma sha biyu na ƙirga. Akwai direban bas, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai samari biyu masu aikin kwamfuta, akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa. Mai jan ajin kafinta ne, siriri, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Ya ajiye kwafin littafin a buɗe kan wani teburi, ya danne shafin da kwalbar ruwa. Ɗan ƙanwata ya gabatar da ni a matsayin kawunsa malamin tarihi daga Kano, mai kallo kawai. Kafintan ya ce a ajinsu ba a kallo kawai. Kafin in buɗe baki an cusa mini hular raga a ka, an sa mini safar hannu mai kauri, an danƙa mini takobin roba da garkuwa.

Garkuwar ta ba ni dariya. Ƙarfe ce zagayayya, faɗinta bai kai na faifai ba, tsakiyarta ta kumburo kamar ƙoƙo, a cikin kumburin nan ake dunƙule hannu a riƙe ta. Marfin tukunya sak. Ni garkuwar da na sani ita ce ta fata, wadda mutum zai laɓe a bayanta kibiya ta wuce. Na tambayi kafintan me wannan za ta kare. Ya ce in sare shi in gani.

Na yi abin da kowa zai yi. Na manna garkuwar a ƙirjina, na ɗaga takobi na kai masa sara. Bai ko motsa ƙafa sosai ba, sai na ji ƙas a tsintsiyar hannuna. Na sake, ƙas. Na uku ma haka, a wuri guda. Nan take na gane inda ɗan ƙanwata ya samo tabonsa.

Sai da na ji a jikina sannan ya yi bayani. Duk lokacin da ka kai sara, ba kanka ko ƙirjinka ne ya fi kusa da abokin karawarka ba, hannun da ke riƙe da takobin ne. Takobin wancan zamani kuwa ba shi da abin da ya rufe yatsu, ɗan ƙarfe ne kawai a gicciye tsakanin ƙota da ruwan takobi. Wanda aka sare wa hannu faɗa ya ƙare masa. Saboda haka garkuwar ba ta ƙirji ba ce, ta hannu ce. Duk inda hannun takobi ya tafi sai ta bi shi, ta rufe shi ta dama ko ta hagu, ta sama ko ta ƙasa, kamar uwa da jaririnta a kasuwa. Ya kai ni teburin ya yi ta buɗe shafuka. Kusan ko'ina takubba suka haɗu, hannayen limamin biyu a manne suke. Na kalli zanen nan a wayar yaron kwana biyu kafin wannan, ban ga haka ba sai da aka doke ni.

Daga nan aka biya mini tsayuwa bakwai. Littafin ya ƙulla su cikin baitoci, irin yadda malamanmu ke ƙulla ilmi a waƙe don sauƙin hadda. Ta farko takobi a ƙarƙashin hammata, ta biyu a kafaɗar dama, ta uku a ta hagu, ta huɗu bisa kai, ta biyar a gefen dama, ta shida a ƙirji, ta ƙarshe kuma a miƙe shi gaba, wadda suke kira langort. Abin da ya burge ni shi ne marubucin bai yi iƙirarin shi ya ƙago su ba. Ya ce duk wanda ya riƙe takobi, ko da bai san komai ba, cikin ɗayan bakwai ɗin nan zai tsaya. Na tuna yadda na ɗaga nawa ɗazu, ashe a ta biyu nake ban sani ba. Ilmin limamin ba a tsayuwar yake ba, yana cikin abin da za ka yi wa mutum in ka gan shi a ɗaya daga cikinsu. Kowace tsayuwa tana da abin da ake tare ta da shi, kalmar Latin ɗin da ya zaɓa kuwa ita ce ta yi wa gari ƙawanya.

Awa guda cur muka yi a kan darasi ɗaya, na farkon littafin. Mutum ɗaya ya tsaya da takobi a hammata. Ɗayan ya miƙo hannayensa biyu gaba, tsinin takobi na kallon sama, abin da ake kira halpschilt, rabin garkuwa. Baitin ya ce wa na farkon ya faɗa ƙarƙashin takobi da garkuwa. In abokin karawar ɗan koyo ne, zai yi gaggawar kai maka sara a ka, kai kuma ka soke shi. In gwani ne, zai danne takobinka da nasa ya tako, to nan sai a koma ga dukan garkuwa, schiltslac, wato ka buga 'yar garkuwarka a kan hannayensa biyu ka danne su tare, takobinka ya kuɓuta ya nufi kansa. A baki abin bai fi numfashi biyu ba. A jiki kuwa ƙafata ta hagu da hannuna na dama sun ƙi yarda cewa na mutum ɗaya ne.

Wurin da na fara jin daɗin abin shi ne inda takubba biyu suka haɗu suka tsaya a manne. A fim ana buga takubba ne su rabu. Nan kuwa ana so su manne, don ta cikin ƙarfen kake jin niyyar mutum, ko yana turowa da ƙarfi, ko ya saki, ko zai zame gefe. Wanda ya taɓa riƙe linzamin doki mai kafiya ya san irin wannan ji, tun dokin bai juya ba hannunka ya riga ya sani. Littafin ya ce mai ɗaurewa da wanda aka ɗaure abokan gaba ne masu fushi, wanda aka ɗaure kan gudu gefe, kai kuma ka bi shi. Kafintan ya sa na rufe ido, ya ɗora takobinsa kan nawa, ya ce in faɗa masa lokacin da zai motsa. Sau biyu cikin biyar na dace. Ya ce ba laifi ga mai kwana ɗaya.

Ranar Alhamis na koma da ƙafata, ba wanda ya ja ni. Ranar ce aka haɗa ni da ma'aikaciyar jinyar nan, wata 'yar gajeruwa da ba ta kai kafaɗata ba, za ta yi shekara hamsin. Na yi niyyar in sassauta mata, kunya ma ta hana ni ɗaga takobi sosai. Ban san lokacin da hannayena biyu suka danne a cikina ba, sai ƙarar hular raga na ji a kunnena kamar an buga kwano. Ta ja da baya ta ba ni haƙuri, ta ce mu sake. Muka sake, aka sake buga kwanon. Ɗan ƙanwata yana gefe ya kifa kai a bango, kafaɗunsa na rawa. Da muka huta ta kai ni teburin ta buɗe ganyen ƙarshe. Ga mace nan a zane, gashinta a sake, takobi a kafaɗarta ta dama, tana fuskantar limamin. Littafin ma ya faɗi sunanta, Walpurgis. Matar ta ɗora yatsa a kan zanen ta ce ita ajin wannan take.

Bayan hutun ne gardama ta tashi, kuma ita ce ta fi zama mini a rai. Samarin kwamfutan nan biyu suka saɓa a kan ma'anar faɗawa ƙarƙashin takobi. Ɗaya ya ce ruwan takobinka ne zai shiga ta ƙasan na abokin karawa. Ɗayan ya ce a'a, suka ce ake kaiwa, haɗuwar takubban a hanya take faruwa. Aka zagaye teburi. Zanen bai raba gardamar ba, don mai zanen bai damu da nisa da kusa ba, babu ƙasa a ƙarƙashin mutanen, dogayen rigunan kuma sun ɓoye wace ƙafa ce a gaba. Ga zanen farko, ga na biyu, amma motsin da ya kai mutum daga wannan zuwa wancan babu shi a fata. Wasu ganyen ma sun ɓace tun tuni. Dattijon nan ya kawo hujja daga wani littafin faɗan takobi, na Hans Talhoffer na 1467, wani ya ambaci na Achille Marozzo na Bologna ta Italiya, na 1536. Kafintan ya ce a yi hattara, tsakanin limamin da Marozzo shekara sama da 200 ne, ga tsaunuka a tsakani.

Nan malantar da ke jikina ta motsa. Na ce masa a garinmu mai karanta littafi shi kaɗai ba a kiransa malami. Za ka zauna a zaure gaban wanda ya karanta shi a gaban wani, shi ma a gaban wani, har a kai ga mawallafi. Akwai ma maganar da ake yi cewa wanda littafinsa ne shehinsa, kuskurensa ya fi daidansa yawa. Ku wa ya biya muku?

Bai ji haushi ba. Ya ce babu kowa. Mutum na ƙarshe da ya koya daga bakin limamin nan ya mutu kusan shekara 700 da suka wuce, sarƙar ta tsinke, kuma duk wanda ya ce maka shi ya gaje ta ƙarya yake. Ya ce yadda yake koyar da wannan darasi yau ba haka yake koyar da shi shekara goma baya ba, wani ne ya zo daga wata ƙungiya ya yi ta dukansa a ka har ya yarda karatunsa da gyara. Daga nan ya juya ga samarin ya ce su sa hula. Kowanne ya gwada fassararsa sau goma, a hankali da farko, sannan da sauri, ɗayan kuma yana ƙoƙarin hana shi da gaske. Na farkon ya sha duka a hannu sau da yawa. Na biyun ya fi tsira, amma in ya gama, tsayuwarsa ba ta yi kama da zanen da ke biye ba. Aka tashi ba a yanke hukunci ba, kowa na murza inda ke masa ciwo.

A bas ina ta juya abin. Ban yarda cewa abin da suke yi shi ne ainihin abin da limamin ya koyar ba. Akwai abin da hular raga ke cirewa, shi ne tsoro. Na ga samari suna afka wa juna su sari juna a tare, kowa na murna ya taɓa, alhali da ƙarfe mai kaifi ne gawa biyu za a ɗauka. Kafintan kan tsayar da su ya ce dukansu sun mutu, amma mutuwar baki ba ta hana gobe a maimaita. Waɗanda aka rubuta wa littafin kuwa ba motsa jiki suke yi ba. Takobi da 'yar garkuwa makamin matafiya ne da 'yan birni da ɗalibai, abin ratayawa a ɗamara a shiga hanya, har hukumar Landan ta hana makarantun koyar da shi a cikin birni a shekarun 1280 saboda fitinar samari. Duk da haka na kasa raina su. Na sha zama a tarukan masana inda mutum zai kare kuskurensa shekara ashirin don babu abin da zai same shi. Waɗannan in fassararka ta karkace, a yatsanka za ka ji kafin a tashi. Jiki magayi.

A zuwana na ƙarshe kafintan ya tambaye ni takubban ƙasarmu. Ya san sunan takoba ta Buzaye, ya san kaskara ta Sudan. Na ce akwai ɗaya a gidanmu, na kakan babana, a rataye da hamilarsa a ɗakin mahaifina tun ina yaro. Na sa uwargida ta zare shi ta ɗauko mini hoto, bayan ta tambaye ni sau uku ko lafiya. Ruwansa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, da kwari uku a tsakiya, da tambarin jinjirin wata biyu masu fuska. Mutanen ajin suka taru kan wayata kamar an kawo jariri. Kafintan ya ce irin wannan tambari ana ganinsa a takubban da aka kawo daga Turai, maƙeran Sahel ma sun riƙa buga shi a nasu, don haka hoto ba zai nuna asalinsa ba. Nan na samu abin faɗa. Na ba su labarin Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba daga garin Solingen na Jamus ta hamada, a Kano ake yi musu ƙota da kube a sake sayar da su. Na ƙara da cewa tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Suna ta gyaɗa kai. Mai yiwuwa ƙarfen da ke ɗakin mahaifina da littafin da ke kan teburinsu ƙasa ɗaya suka baro.

Sai matar nan ta tambaya, ba da wata manufa ba: "To yaya ake faɗa da shi?"

Na buɗe baki na rufe. Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi. Na san shekarar da Turawa suka ci Kano, 1903, na san sunayen sarakuna a jere, na san wa ya yaƙi wa. Na tsaya a rana sau ba adadi ina kallon Hawan Daushe, 'yan sulke da 'yan lifida na wucewa, mahaya na zare takubba suna jinjina. Amma yadda kakan babana yake tsayawa in ya fuskanci mutum, ina yake ajiye garkuwarsa, da wane ɓangaren ruwan yake tarewa, ban taɓa tambayar kowa ba. Mahaifina ma bai taɓa zare takobin a gabana ba sai don a shafa masa mai.

Don kada in tashi hannu rabbana, sai na nuna musu tsayuwar dambe. Hannu ɗaya a buɗe a gaba, shi muke kira garkuwa, ɗayan da aka naɗe da igiya a baya, shi ne mashi. Kafintan ya zagaya ni yana kallo, ya koma teburi ya buɗe tsayuwa ta biyar, garkuwa a miƙe gaba, takobi a ja baya ta dama. Ya ɗaga littafin kusa da ni. Babu wanda ya ce wani ya koya daga wani. Ya dai roƙe ni in sake yin takun, a hankali, yana kallon ƙafafuna, don ƙafa ce abin da littafinsa ya hana shi.

Kafin in taso na sayi 'yar garkuwa ɗaya a hannun wani ɗan ajin da ya sayi sabuwa. Ta sha duka, gefenta duk ya lotsa. Na naɗe ta cikin babbar rigata na sa a akwati. Da na isa gida uwargida ta juya ta gaba da baya, ta tambaye ni ina tukunyar.

Takobin kakan na sauko da shi ranar wata Asabar da yara suka tafi Islamiyya. Ya fi na robar nan sauƙi a hannu, abin da ban zata ba, nauyinsa kuma ya fi karkata gaba. Ƙotarsa gajera ce, da ƙyar ta ɗauki tafin hannuna. Na sa shi a hammata, na miƙa garkuwar, na tsaya a tsakar gida kamar limamin Franconia, kaji na kallona. Ban kai sara ba. Na mayar da shi kube.

Yanzu da muciya muke yi, ni da babban ɗana, shi da faifai ni da garkuwar. Ran Lahadi ɗan ƙanwata kan kira ta WhatsApp, a jingina wayar a jikin turmi yana kallonmu daga Leeds, da rigar sanyi har wuya. Makon jiya na zaci na yi dukan garkuwa mai kyau, har na juyo ina jiran yabo. Hoton ya tsaya cak, intanet ta ɗauke, sai muryarsa ta dawo a gutsure.

"Kawu, hannunka ya rabu. Ku sake."